Telolin Cikin Malam

Kwanakin nan rana ta ƙi leƙo mu a Unguwar Dosa. Ruwa ake yi irin na Agusta, wanda ba ya zuba da ƙarfi ya wuce, sai dai ya wuni yana yayyafi. Ɗazu na ɗauko zanena daga kan igiya na shinshina, sai warin kayan da bai bushe ba ya buge ni, warin fumfuna da sabulu. Wallahi ina shaƙarsa na ga kaina a Unguwar Kanawa, da azumi a bakina, da keken ɗinki a gabana, ga mutum kwance a ɗaki yana ƙarewa ba mu san dalili ba.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin da ake ta maganar soja za su koma bariki. Gidan haya muke, ciki da falo, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, masai ɗaya. Ni ce da goyona Zainabu, da Malam maigidana, akawu a wata ma'aikatar gwamnati a Doka, da Inna mahaifiyarsa, wadda ta zo daga ƙauye za ta yi azumi tare da mu. A ɗaya ɓangaren kuma Rahila ce da mijinta, Kiristoci, mutanen kudancin Zariya kamar yadda ake cewa a lokacin. Shi malamin makaranta ne, ita kuma tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, ba ta daɗe da dawowa daga ƙaro karatu a ƙasar waje ba.

Mutanen yanzu in aka ce azumin damina sai su ce ai da sauƙi, ba ƙishirwa. Ƙishirwa kam ba ta da yawa, amma yunwa fa? Tsohon gero ya ƙare, sabo bai nuna ba, na kasuwa duk ƙwari sun huda shi. Itace a jiƙe, ki hura ki hura har idonki ya yi jawur, hayaƙi kawai. Kananzir ya yi wuya, da an ji labarin an sauke a wani gidan mai sai a kwasa a guje da galan. Famfon bakin titi yakan yi kwanaki bai ɗiga ba, alhali sama na ta zuba. Ni da Rahila mukan jera bokitai da baho a ƙarƙashin indararo. In ta dawo aiki takan karɓi taɓarya ta taya ni daka, tunda ita ba ta azumi, ni kuma in an sha ruwa na miƙa mata ƙosai da kunun tsamiya. Kwata ta tumbatsa, masai ya cika har ana jin sa daga zaure, rijiya kuwa ruwanta ya taso kusa da baki ya koma kalar koko. Da shi muke wanke-wanke, in ruwan sama ya yanke kuma da shi muke sha, bayan an tace da ƙyalle.

Ni kuwa ɗinki nake yi a gida, kuma duk telan da ya san kansa ya san abin da azumi yake nufi. Atamfofi jibge a kusurwar ɗaki, kowace mace tana aiko yaro da safe a ji ko an gama. Ƙafata a kan keke tun hantsi har la'asar, ruwa yana dukan kwano, goyo yana barci a bayana.

Ba a daɗe da ɗaukar azumi ba atuni ya kama Malam. Da farko ya ɓoye, don mutum ne da ba ya son a ga gazawarsa. Dogo, fes-fes, ko zaman gida yake hularsa na kansa. Amma butar da ba ta hutawa ai ba ta ɓuya. Yana fitowa daga bayan gida yana komawa, yana riƙe da ciki, har na ga jini da majina a abin da na wanke. Malam yana da abin alfahari guda ɗaya da kowa a gidan ya haddace: tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ba, ko da zazzaɓi, ko a kan tafiya.

Rahila ce ta lura ya rame. Wata safiya ta zo ƙofarmu da 'yar kwalba mai murfi, ta ce cikin ladabi a samo mata bayan gidan Malam kaɗan za ta kai a duba. Ta kuma ɗebi ruwan rijiya a wata kwalbar ta jefa a jaka. Tirƙashi. Inna tana zaune tana jan carbi, carbin ya tsaya. Rahila na fita ta jawo ni madafa, ta tambaye ni ko a garinmu mace takan nemi ƙazantar mijin wata a ba ta. Ta ce ita dai ta san abin da ake yi da gashi da farce da sawun ƙafa, balle wannan. Na ce mata aikin asibiti ne. Ta ce asibitin ma ai mutane ne a ciki.

Ya kamata in faɗi yadda Inna take da Malam. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar da ce, mai alkunya ta gasken gaske. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta zama inda yake zaune. In za ta yi maganarsa sai ta ce “wancan” ko “mutumin gidan nan”. Yana murƙususu a ɗaki ba za ta leƙa ba, sai dai ta tare ni a madafa ta ce, ya mai jikin naku? Kamar ba ita ta haife shi ba.

Gwaji ya fito, Malam ya ga likita, aka rubuta masa ƙwaya, a sha sau huɗu a rana, kuma a ajiye azumi har a warke. Rahila ce ta karɓo maganin don layin yana da tsawo, wannan ma Inna ta ƙulla shi a bakin zane. Rahila ta ce rijiyar ce, kowa ya riƙa tafasa ruwa. Malam ya saurari komai ya ce to. Da asuba yakan tashi ya ci sahur tare da mu, wai don ya taya mu, ya haɗiye ƙwaya ɗaya a gabana. Na rana biyu yakan sa su a aljihu ya ce zai sha a ofis. Ta magariba kuma a gabana.

Ya ɗan samu sauƙi, har ya fara tsokanata. Sai ciwon ya dawo, ya dawo da ƙarfinsa. Ofis ya gagara. Idanunsa suka faɗa, wuyansa ya yi tsawo, zoben azurfarsa ya riƙa zamewa daga yatsa. In lokacin magani ya yi da rana nakan kai masa ƙwaya da kofin ruwa, sai ya ce in ajiye in fita, yana jin nauyin sha a gaban mai azumi. In na dawo kofi wayam, ƙwaya babu. Duk da haka kullum jiya ta fi yau. Na ji tsoro. Ina kallon goyona ina tunanin maraici.

Daga nan gidan ya koma gidan zargi. Inna ta ce ƙwayar ce, daga hannun wa ta fito? Ta daina amsa gaisuwar Rahila da baki, sai da kai. Ta hana a ci duk abin da ya fito daga ɓangarensu, har gyaɗa dafaffiya da Rahila ta kawo ta zuba wa kaji, ta tsaya tana kallo ko za su faɗi. Abokan aikin Malam da suka zo dubiya, ɗaya ya ja ni gefe ya ce akwai wanda ke harin kujerar Malam a ofis, in yi hattara. Na zargi mai furar bakin layi. Na zargi mai gidan haya da ya ƙi kwashe masai. Ita ma ƙwayar na juya ta a tafin hannu na shinshina, ko jabu ce.

Rahila ta sake kawo kwalba. Wannan karon a ɓoye na ba ta, ta bayan madafa. Bayan 'yan kwanaki ta dawo aiki, ko takalmi ba ta cire ba ta tsaya a kaina ina ɗinki. Ta ce sun shuka ƙwayoyin cutar a faranti sun tsiro, sun sa musu irin maganin da Malam ke sha, duk inda ya taɓa ba abin da ya tsira.

“Maman Zainabu, a faranti suna mutuwa, a cikinsa ba sa mutuwa. Maganin nan ba ya shiga cikinsa yadda aka ce. Akwai mai yi mana ƙarya a gidan nan.”

Yadda ta kalle ni, na gane har da ni a lissafinta. Raina ya ɓaci, amma hankalina ya riga ya tafi kan Inna. Ita ce take jiƙa saiwoyi a ƙwarya, ita ce ta tsani ƙwayar. Na ce a raina lallai tsohuwar nan ce take shiga in na juya baya, ta kwashe ta ba shi jiƙo. Na juya keken ɗinkina ya fuskanci ƙofar ɗakin. Na yi gadi har wuyana ya ƙage. Inna ko inuwar ƙofar ba ta taka ba. Ashe ita ma ni take gadi, daga baya na ji ta gaya wa wata ƙawarta cewa matan birni ba a shaidarsu.

Ana cikin goman ƙarshe na ce bari in yanka masa kaftanin sallah, ko zai sa ko ba zai sa ba. Zuciyata ce ke buƙatar aikin. Na ɗauko tsohon kaftaninsa na zaman gida, wanda ya cire da safe, in gwada tsawo. Ina shimfiɗa shi a tabarma na ji wani abu tsiri-tsiri a cikin kalmasar ƙasa, kamar wake. Na duba aljihun gefe, ashe ya ɓule, kuma ɓulin ya zarce cikin kalmasa. Na sa reza na farke. Sai ga ƙwayoyi suna zubowa, wasu ƙalau, wasu danshi ya narkar da su sun manne da yadi. Na leƙa bayan tagarsa, ga gurbi a ƙasa inda ake tuttular da ruwan kofi.

Na kwashe su a faifai na shiga. Bai ko yi musu ba. Muryarsa da ƙyar take fita, amma taurin kan yana nan daram. Ya ce ai yana sha safe da yamma, magani magani ne, in ya shiga jiki ya shiga. Ya ce saura kaɗan a ga wata, ba zai ɓata abin da ya tsare tun yana saurayi ba saboda ciwon ciki. Na ce masa Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame. Ya ce ya sani, ya fi ni sani, ya juya fuska bango. Na yi kuka, na yi faɗa, na ce masa in ya mutu ba azumi ne ya kashe shi ba, girman kai ne. Ko gezau.

Ran nan Asabar ce, Rahila tana gida. Na kai mata faifan. Ta duba shi, sannan ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna kusa da kekena, daidai tagar Malam. Inna tana can gindin bango tana tsintar shinkafa, ta ba mu baya. Rahila ta ce in miƙo mata zare kala biyu. Da ni take magana, amma ta ɗaga murya yadda bango ma zai ji.

Ta ce ƙwayar cutar nan, bakteriya, ido ba ya ganinta, amma a cikin kowace ɗaya akwai wani dogon zare mai tufka biyu, sun nannaɗe juna kamar igiya. DNA suke ce masa. A jikinsa aka tsara duk yadda halittar take. Kafin ɗaya ta rabu ta zama biyu, dole ta ɗinka wa kanta kwafin zaren nan, don kowace ta tafi da nata. Kuma tana da ma'aikata masu yi mata, wasu sinadarai, kowane da aikinsa. Ta faɗi sunayensu na Turanci, duk sun zube mini, amma aikin ban manta ba don aikina ne.

Ta murɗe zare biyu ta ba ni bakin na riƙe. Ta ce na farko shi ne mai farkewa, yana bi yana raba tufkar biyu. Ta ja, sai gaban zaren ya ƙara murɗewa ya dunƙule. Ta ce kin gani? Shi ya sa akwai na biyu, yana tafe a gaba yana sassauta murɗin, in ba shi aikin ya cije. Sai babban tela, mai sauri, wanda yake bin kowane silin yana ɗinka masa abokinsa daidai da shi. Amma babban telan nan yana da wani hali, ba ya iya fara ɗinki da kansa, sai dai ya ci gaba daga inda wani ya fara.

“Kafin ki hau keke, me kike yi wa hannun riga?”

Na ce kamu nake yi, in ɗan tsattsaga da allura da zare na wata kala don ya riƙe, in na gama in zare shi.

Ta ce to haka suke yi. Akwai wani ƙaramin tela, aikinsa ke nan, ya yi ɗan gajeren kamu da wani irin zare daban, sai babban ya kama daga nan ya zarce. A sili ɗaya kamu ɗaya ya isa, ɗinki ya tafi santal. Ɗaya silin kuwa a juye yake, kuma babban tela gefe ɗaya kawai yake iya tafiya, don haka guntu-guntu ake yin sa: a yi kamu a ɗinka, a koma a sake kamu a ɗinka. Daga baya wani ya bi ya zare zaren kamun ya cike gurbin da na ainihi, wani kuma ya haɗe bakunan. Ta ce in suka samu ɗumi da abinci, kafin ki gama tuƙa tuwo ki kwashe, ɗaya ta zama biyu. Biyun nan kowace da telolinta.

Hannun Inna ya daina motsi a cikin shinkafa. Ban nuna na gani ba.

Rahila ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga faifai. Ta ce abin da aka gano kwanan nan shi ne, wannan maganin mai sassauta murɗin nan yake riƙe wa hannu. In an riƙe shi zare ya cukurkuɗe, babu mai farkewa, babu mai kamu, babu ɗinki, ƙwayar cutar ta mutu. Sai dai maganin ba ya zama a jiki, fitsari yake bi ya fita. Wanda aka sha da asuba, kafin rana ta take ya yi rauni.

“Daga nan har magariba ba mai riƙe da kowa. Malam yana azumi, su ba sa yi. Abin da maganin asuba ya kashe, kafin a kira salla sun ɗinka madadinsa har da ƙari. Ni ban isa in ce masa komai a kan addininsa ba. Amma jikin nan na gani, in aka ci gaba a haka ban ce zai ga sallah ba.”

Ta tashi ta shige ɗakinta. Daga tagar Malam ko tari ba a yi ba. Ruwa ya ci gaba da sauka a kwano.

Aka kira azahar. Ina zaune na rasa abin yi, sai na ga Inna ta ajiye faifan shinkafa, ta wanke hannu, ta je ta ɗebi tafasasshen ruwa a kofi, ruwan da ta sha cewa ba shi da ɗanɗano. Ta zo gabana ta miƙo tafin hannu. Na sa mata ƙwaya. Ta nufi ɗakin da tun zuwanta ba ta taɓa shiga ba, ta ɗaga labule. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa.

Ta zauna a bakin gadonsa. Ta kira shi da sunansa na yanka, sunan da ni ma har yau ba na faɗa. Tunda nake ban taɓa jin sa a bakinta ba, ina jin shi ma rabonsa da ji tun yana cikin zanen goyo. Ya juyo a firgice, yana neman hularsa.

“Na binne ubanka, na binne ƙannenka biyu. Kai ba zan binne ka ba, kai za ka binne ni. Tashi ka sha.”

Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce ba shawara ta kawo ba. Ya karɓa ya sha, hawaye na bin kuncinsa yana shiga kofin. Ta ce ya buɗe baki ta gani. Babban mutum, akawun gwamnati, ya buɗe, ta ce ya ɗaga harshe, ya ɗaga. Ta tashi ta fita, ta koma kan shinkafarta, ta ba mu baya kamar ba a yi komai ba.

Rahila ta koma wurin likita aka sake ba da cikakken magani, aka fara daga farko. Ni ke bayarwa, kuma ban ƙara ajiye kofi na fita ba. Ranar sallah bai je idi ba, amma ya zauna a zaure cikin sabon kaftani da ya yi masa yawa, ya ci tuwo rabin malmala. Azumin da ya sha ya rama shi da bazara, cikin zafin nan mai narka kwalta, yana ramawa yana ƙorafi. Inna kuwa har ta koma ƙauye ba ta ce ta yarda da Rahila ba. Ta dai ce yarinyar ta san teloli. Da hannunta ta zuba mata tuwon sallah, ta sa nama har ya rufe miya, sannan ta ce da ni in tabbata an dawo da kwanon.

Yanzu jikokina ruwan leda suke sha, magani kuma waya ce ke tuna musu lokacinsa. Ni dai daga wannan daminar ban sake yarda da Malam a kan ƙwaya ba. Ko ta ciwon kai na ba shi sai na ce buɗe, ɗaga harshe. Ya yi fushi, ya yi dariya, ya ce a gaban surukai ma sai na tozarta shi, ban fasa ba. Shi ne ya binne Inna, kamar yadda ta ce.

A ciwonsa na ƙarshe, bayan mun tsufa tare, magana ta riga ta ɗauke masa. Na ba shi magani da cokali, ban ce ya buɗe baki in gani ba, don na san wannan karon ba abin da zai riƙe wa kowa hannu. Ina juyawa zan ajiye kofi ya kamo bakin zanena. Na waiwayo. Ya buɗe baki, ya ɗaga harshe, yana kallona.